Frederick Banting: Likitan da karnuka suka koya wa lissafin suga da agogo

Idan kana yawan leƙa Facebook ko status ɗin WhatsApp, wataƙila ka lura cewa duk ranar 14 ga Nuwamba wani shuɗin zobe yakan cika shafukan likitoci da ɗaliban jinya. Ranar ciwon suga ta duniya ke nan. Yawancinmu mukan danna alamar so mu wuce abinmu. To amma ka taɓa tambayar kanka me ya sa aka zaɓi wannan rana? Ranar haihuwar wani likita ce ɗan ƙasar Kanada, Frederick Banting, mutumin da aikinsa ya kai ga samun allurar insulin.

Ba mamaki a gidanku ko a layinku akwai mai yin wannan allura, ko Baba, ko Inna, ko wani abokinka da aka gano yana da ciwon tun yana ƙarami. Abin da ƙila ba ka sani ba shi ne, karnuka aka fara yi wa ita. A jikinsu aka fara ganin cewa insulin da lokaci yake tafiya: ya shiga jiki, ya sauke suga, ƙarfinsa ya ƙare, sugan ya sake hawa. Yau fiye da shekara 100, karnuka da maguna masu ciwon suga su ma da shi suke rayuwa, kuma a kan wancan lissafin ake yi musu allura. Gyara zama ka sha labari.

Ɗan autan manomi da ya faɗi jarrabawa

An haifi Banting ranar 14 ga Nuwamba, 1891, a wata gona kusa da garin Alliston a lardin Ontariyo. Shi ne auta cikin 'ya'ya biyar. Ya tashi cikin dabbobi da aikin gona, kuma a makaranta ba ya cikin 'yan sahun gaba. Haɗa baƙaƙen kalma ma wahala yake ba shi, har ya girma bai rabu da wannan matsala ba. A 1910 ya shiga Jami'ar Toronto da nufin zama malamin coci, sai ya faɗi jarrabawar shekarar farko. Eh, ka karanta daidai. A 1912 ya sauya layi, ya koma karatun likita.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, ya je shiga soja aka mayar da shi saboda raunin ido. Bai haƙura ba, daga baya aka karɓe shi a sashen lafiya na rundunar Kanada. Saboda ƙarancin likitoci a fagen daga aka gaggauta wa ajinsu karatu, suka kammala a Disambar 1916. A Satumbar 1918, kusa da garin Cambrai a Faransa, ɓarɓashin bam ya same shi a hannu. Da raunin a jikinsa ya ci gaba da ɗaure wa sojoji ciwo na tsawon sa'o'i, abin da ya sa aka ba shi lambar jarumta ta soja.

Kana tsammanin da ya dawo gida ƙofofi za su buɗe, ko? Ina! Ya yi aikin koyon tiyata a asibitin yara na Toronto, amma da wa'adi ya cika ba a ba shi gurbi ba. A Yulin 1920 ya tattara ya koma Landan, wani gari a Ontariyo mai suna irin na babban birnin Ingila, ya buɗe ɗan asibitinsa. Kusan mako huɗu yana zaune babu mara lafiya ko ɗaya. Abin da ya samu a watan farko dala 4 ne. Ga bashi, ga maganar aurensa tana tangal-tangal. Don ya rufa wa kansa asiri sai ya karɓi aikin koyarwa na wucin gadi a jami'ar garin.

Yadda ciwon yake kafin allura

Kafin mu ci gaba, bari ka gane abin da ake yaƙa. A bayan tumbinka akwai wata 'yar doguwar tsoka da likitoci ke kira fankiriyas. Aiki biyu take yi. Na farko, tana zuba ruwan narkar da abinci cikin hanji ta wani siririn bututu. Na biyu, a cikinta akwai wasu 'yan dunƙulallun ƙwayoyin halitta a warwatse kamar tsibirai, waɗanda wani ɗalibi Bajamushe, Paul Langerhans, ya fara gani a 1869. Su ne ke samar da insulin, sinadarin da ke buɗe wa suga hanya ya fita daga jini ya shiga tsoka da hanta ya zama ƙarfi. In babu shi, suga sai ya taru a jini, ya riƙa fita ta fitsari. Mutum ya yi ta shan ruwa, ya yi ta fitsari, ya yi ta ci yana ramewa.

A 1889, a birnin Strasbourg, Oskar Minkowski da Joseph von Mering suka cire wa wani kare fankiriyas, sai ga shi da ciwon suga. Tun daga nan aka san inda matsalar take. Shekara 30 masana suna ƙoƙarin tatso sinadarin, wasu har sun kai bakin gaɓa, kamar Nicolae Paulescu na Romaniya wanda shi ma ya sauke sugan karnuka da ruwan da ya tato. Amma babu wanda ya kai ga abin da za a riƙa yi wa mutum lafiya lau.

A wancan zamani, yaron da aka gano yana da ciwon da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu. Babban maganin da ake da shi yunwa ce. Wani likita a Amurka, Frederick Allen, ya yi suna wajen tsarin rage abinci har yaro ya koma fata da ƙashi, don dai a ƙara masa 'yan watanni. Ka auna halin uwar da ke ɓoye wa ɗanta burodi saboda tana son sa.

Ƙarfe biyun dare

Daren 30 ga Oktoba, 1920, Banting yana shirya darasin da zai koyar a kan fankiriyas, fannin da shi kansa bai ƙware a kai ba. Ya karanta wata maƙala ta Moses Barron a kan wani mara lafiya da tsakuwa ta toshe wa bututun fankiriyas: sashen narkar da abinci ya lalace, tsibiran kuwa suna nan kalau. Barci ya gagare shi. Wajen ƙarfe biyun dare ya tashi ya rubuta 'yan kalmomi 25 a littafinsa, har da kuskure wajen rubuta sunan ciwon. Dabararsa ita ce a ɗaure bututun a jikin kare, a jira sashen narkarwa ya motse, sannan a tatso abin da ke cikin tsibiran.

Ya ɗauki dabarar ya kai wa Farfesa John Macleod na Jami'ar Toronto, ɗan Sukotlan, wanda duniya ta san shi a fannin yadda jiki ke sarrafa suga. Macleod ya dubi wannan matashi da bai taɓa yin bincike ba, bai ma karanta rabin abin da aka rubuta a kan batun ba, ya yi shakka. Duk da haka ya ba shi ɗakin gwaji, da karnuka goma, da ɗalibi mai taimaka masa. Ɗalibai biyu ne a layi, aka jefa kwabo, ƙuri'a ta faɗa kan Charles Best, ɗan shekara 22. Suka fara aiki ranar 17 ga Mayu, 1921. Babu albashi ga Banting.

Karnukan Toronto

Kada ka zana hoton wani tsaftataccen ɗaki mai sanyi a ranka. Ɗaki ne mai datti a saman bene, ga zafin bazara, ga wari. Macleod ya nuna musu yadda ake tiyatar, sannan ya tafi hutu ƙasarsu. Cikin 'yan makonni akasarin karnukan farko suka mutu, wasu saboda zubar jini, wasu saboda ƙwayoyin cuta. Sai da ta kai suna bin titunan Toronto suna sayen karnuka a kan dala ɗaya zuwa uku.

Ranar 30 ga Yuli, 1921, suka yi wa wani kare mai lamba 410, wanda aka cire wa fankiriyas, allurar ruwan da suka tato. Riƙe waɗannan lambobi, domin irin su ne na'urar awon suga ke nunawa a yau: a ma'aunin yanzu sugansa 200 ne, bayan sa'a ɗaya ya sauko 120. Murna ba ta daɗe ba, domin daga baya sugan ya sake ɗagawa, washegari kuma karen ya mutu. Amma sun ga abin da suke nema, sun kuma ga wani abin da zai bi insulin har abada: aikinsa yana da farko, yana da tsakiya, yana da ƙarshe.

Daga nan rayuwarsu ta koma ta agogo. A ɗebi jini, Best ya auna, a rubuta, a jira sa'a ɗaya, a sake ɗiba. Wani lokaci a nan suke kwana. Littattafansu suka cika da zanen layi mai gangarowa bayan allura, ya kai ƙasa, ya sake hawa. Wata karya mai lamba 92 ta rayu kwana 20 a hannunsu, tana bin Banting tana kaɗa wutsiya duk da alluran da yake yi mata. Da ta mutu, sojan da ya ga gawawwaki a Faransa sai da ya yi hawaye.

Ga wani abin da ba a cika faɗa ba: dabarar ƙarfe biyun daren nan ba ta zama dole ba. Ɗaure bututu yana cin makonni, kuma yana cin karnuka. A Nuwamba, Banting ɗan gona ya tuna da 'yan tayin da ake samu a cikin shanu a mayanka, suka je suka karɓo fankiriyas ɗinsu, ya yi aiki. A Disamba suka gano cewa na babbar saniya ma yana yi idan aka tace shi da sinadarin alkohol. Wato tunanin da ya kawo shi Toronto yana da gyara, sai dai shi ne ya sa ya fara, kuma da ya ga hanya mafi sauƙi bai tsaya kare ra'ayinsa ba.

Karyar da ta fi shahara ita ce mai lamba 33, wadda aka sani da Marjorie. An cire mata fankiriyas a Nuwambar 1921, ta rayu kwana 70 da allura kullum. A wannan tsakanin wani abokin karatun Banting mai ciwon suga, Dakta Joseph Gilchrist, ya sha ruwan ta baki, bai yi masa komai ba. Dalili kuwa, ciki yana narkar da insulin kamar yadda yake narkar da nama. Shi ya sa har gobe allura ake yi.

Zomaye da darasin wuce gona da iri

A Disambar 1921 Macleod ya shigo da James Collip, masanin sinadarai daga Jami'ar Alberta, don ya tace ruwan. Collip da abokan aikinsa suna gwada ƙarfinsa a kan zomaye masu lafiya, sai suka ga abin tsoro. Zomon da aka yi wa da yawa yakan fara rawar jiki, ya shiga jijjiga, ya suma. Da aka auna jininsa sai aka tarar suga ya faɗi warwas. Da aka yi masa allurar ruwan suga kuwa, sai ya farfaɗo kamar ba shi ba. Ashe maganin da ke ceto shi ne kuma ke kisa idan ya yi yawa, ko ya tarar da jiki babu abinci. Hawan suga a hankali yake cin jiki, faɗuwarsa kuwa cikin sa'o'i take kayar da mai rai.

Ranar 11 ga Janairu, 1922, a Babban Asibitin Toronto, aka yi wa Leonard Thompson allura. Shekararsa 14, nauyinsa bai kai kilo 30 ba. Ruwan Banting da Best aka yi amfani da shi, sugan ya ɗan sauka, wurin allurar ya yi ƙurji, aka dakata. Ranar 23 ga watan aka sake gwadawa da wanda Collip ya tace. Sugansa ya sauko daga 520 zuwa 120, yaron ya fara samun ƙarfi. Ya ƙara shekara 13 a duniya, kuma ciwon huhu ne ajalinsa a 1935. A Agustan 1922 aka kawo wa Banting Elizabeth Hughes, 'yar sakataren harkokin wajen Amurka, tana da nauyin kilo 20 kacal bayan shekara uku a kan tsarin yunwa. Ta yi aure, ta haifi 'ya'ya uku, ta rayu har 1981.

Rigima, Nobel da dala ɗaya

Kada ka ɗauka waliyyai ne. Banting mutum ne mai zafin zuciya da zargi. A ƙarshen Disambar 1921, a wani taron masana a Amurka, ya tashi gabatar da aikinsu baki ya sarƙe masa, Macleod ya shiga yana amsa tambayoyi. Tun daga ranar ya sa wa ransa cewa farfesan zai ƙwace masa aiki. Da Collip ya yi nuni da cewa ba lallai ya faɗa musu sirrin tacewarsa ba, rigima ta kusa kai su ga dambe a ɗakin gwaji.

A 1923 aka ba Banting da Macleod lambar yabo ta Nobel. Banting ya fusata da aka bar Best, har ya so ya ƙi karɓa. Daga baya ya raba kuɗinsa biyu da Best, Macleod shi ma ya raba nasa da Collip. Yana ɗan shekara 32, kuma har yau babu wanda ya karɓi Nobel ta fannin likitanci da ƙuruciya irin tasa. Sai a 1982 masanin tarihi Michael Bliss ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya ya nuna cewa kowane cikin huɗun ya kawo abin da sauran ba su da shi. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka, ko da masu hannuwan ba sa ga maciji da juna.

Amma ga inda za ka sara musu. A Janairun 1923, Banting da Best da Collip suka miƙa wa Jami'ar Toronto haƙƙin mallakar insulin a kan dala ɗaya kowannensu, don kada wani ya killace shi. Jami'ar ta haɗa hannu da kamfanin Eli Lilly aka fara samar da shi da yawa daga fankiriyas ɗin shanu da aladu.

Sauran rayuwar Banting ba ta sake haifar da abu mai girman insulin ba. Ya yi bincike a kan sankara da ciwon huhun masu haƙar ma'adinai. Ya sami natsuwa a zane, yana bin fitaccen mai zanen Kanada A. Y. Jackson zuwa ƙauyuka da yankin ƙanƙara. Aurensa na farko ya mutu a 1932, ya sake wani a 1939. Sarkin Ingila George na Biyar ya ba shi sarautar Sir a 1934. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, ya koma binciken lafiyar matuƙan jirgin yaƙi. A Fabrairun 1941 ya hau jirgin soja daga Gander zai tafi Ingila, injuna suka samu matsala, jirgin ya faɗi kusa da Musgrave Harbour a tsibirin Newfoundland. Ya rasu ranar 21 ga Fabrairu, yana da shekara 49.

Yadda abin ya dawo wa karnuka da maguna

Insulin na farko 'yan sa'o'i kawai yake yi a jiki, don haka sau da yawa ake allura a yini. A Denmak, Hans Christian Hagedorn ya gano a 1936 cewa haɗa shi da wani sinadari yana sa ya riƙa shiga jini a hankali, daga nan aka samu nau'in NPH a 1946. Yau akwai mai saurin aiki, da matsakaici, da mai dogon zango.

Su ma dabbobin gida suna kamuwa da ciwon suga, kuma alamunsu irin namu ne: yawan shan ruwa, yawan fitsari, ci ba ƙoshi, da rama. Kare yakan samu yanar ido da wuri. Wani abin mamaki, insulin ɗin alade da na kare iri ɗaya ne sak, shi ya sa Caninsulin, wanda a Amurka ake kira Vetsulin, daga alade ake samun sa. Kare in ya kamu, yawanci allura ce har ƙarshen rayuwarsa. Mage kuwa, musamman mai ƙiba, nata ya fi kama da na manyan mutane, kuma idan aka fara magani da wuri aka gyara mata abinci, wata takan kai ga daina buƙatar allurar, ko da na wani lokaci ne.

To ga agogon. Yawancin karnuka da maguna sau biyu ake yi musu a yini, tazarar sa'a 12, misali bakwai na safe da bakwai na yamma. Ga kare, allura da abinci tare suke tafiya: abinci iri ɗaya, awo ɗaya, lokaci ɗaya. Abinci yana ɗaga suga, insulin yana sauke shi, ana so su haɗu a hanya. Shi ya sa masu kiwo da yawa sukan bari ya ci tukuna. In ya ƙi ci ko yana amai, kada ka yi masa cikakken awo da ka, kira likitan dabbobi. In ka manta da allura ɗaya, kada ka ninka ta gaba. In ka matso da allurar yamma kusa da ta safe, ƙarfin biyun zai hau kan juna.

Ka tuna layin nan na littafin Banting da Best? Har yau shi likitan dabbobi ke zanawa. Akan auna suga kafin allurar safe, sannan duk bayan sa'a biyu har sa'a 12. Abu uku ake nema: yaushe insulin ya fara aiki, ina ne mafi ƙasan da suga ya kai kuma da ƙarfe nawa, sannan yaushe ƙarfinsa ya ƙare. Ga matsakaicin insulin, mafi ƙasan yakan zo ne 'yan sa'o'i bayan allura, wajen tsakiyar tazarar, amma kowace dabba da nata. Wannan lamba ta ƙasa ita ce ke faɗa wa likita ko akwai damar ƙara awo. Lafiyayyen kare sugansa yakan tsaya tsakanin 70 da 120, kuma sai ya haura wajen 180 yake fara fita ta fitsari. Yanzu har ana manna wa dabba 'yar na'ura irin FreeStyle Libre a fata, ta riƙa nuna lambobin a waya na tsawon kwanaki.

Ga tarkon da mutane ke faɗawa. Ka auna da safe ka ga suga a sama, sai ranka ya ce ƙara awo. Tsaya! Mai yiwuwa da tsakar dare ya faɗi ƙasa sosai, jiki ya firgita, hanta ta saki sugan da ta adana, shi ne ka tarar da shi a sama. Wannan juyi da sunan masanin sinadarai Michael Somogyi ake kiran sa. In ka ƙara insulin a irin wannan hali, ramin ka zurfafa. Mage kuma tsoron asibiti kaɗai yakan ɗaga mata suga. Awo ɗaya ba ya ba da labarin yini, kuma bayan an sauya awo akan jira mako ɗaya ko biyu kafin a sake zana layin.

Sai darasin zomayen Collip. In ka ga dabbar tana tangaɗi, tana rawar jiki, ta yi laushi ko ta shiga jijjiga, ɗauka sugan ne ya faɗi. Shafa mata zuma ko ruwan suga mai kauri a dasashi, kada ka ɗura mata ruwa a baki tana sume, sannan ka garzaya wurin likita. Ka kuma kula da sirinji. Caninsulin awo 40 ne a kowane mililita, na mutane kuwa awo 100 ne, kuma kowanne da sirinjinsa. In ka zuƙi na mutane da sirinjin 40, ka ba da ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta. Kwalbar a firiji ake ajiye ta, ba a sashen ƙanƙara ba, kuma ba a barin ta a rana ko cikin mota.

Wataƙila ka ce kai ko mage ba ka da ita. Ba laifi. Wannan lissafi na allura da abinci da lokaci shi ne dai na Baba da Inna, sai dai nasu awon da jadawalin likitansu ne ke tsarawa, kuma shi ya sa ake matsa wa masu yin insulin su ga likita kafin azumi ya kama.

A gidan nan na Landan ta Ontariyo inda Banting ya tashi da ƙarfe biyun dare, wanda yanzu ya zama gidan tarihi, an kunna wata wuta a 1989 da alƙawarin ba za a kashe ta ba sai ranar da aka samu maganin da ke warkar da ciwon suga gaba ɗaya. Har yanzu tana ci, domin insulin riƙe mai ciwon yake yi daga allura zuwa allura. Saboda haka idan 14 ga Nuwamba ta zagayo ka ga shuɗin zoben nan, kafin ka tura shi gaba, je ka tambayi mai yin allura a gidanku ƙarfe nawa yake yi, me yake ci bayanta, kuma me za ka ba shi idan ka gan shi yana gumi yana rawar jiki. Ka adana amsar a wayarka.